Makaɗin Da Ya Zo, Da Wanda Aka Kwana Jira

Ranar Asabar 10 ga watan Disamba 2022, wato ranar da Maroko ta fitar da Fotugal daga gasar cin kofin duniya a Katar, dubban samari da 'yan mata suka nufi babban filin wasa na Ankara da tikiti a hannu. Mawaƙin nan na Nijeriya, Wizkid, shi aka ce zai yi wasa. Aka shiga, aka tsaya, dare ya raba, masu juya faifai suna ta cika wa mutane kunne da waƙoƙin da kowa yake da su a wayarsa. Har gari ya kusa wayewa, ba shi ba dalilinsa. Da jama'a suka gaji sai suka watse, wasu a ƙafa, don a wannan lokaci ina za ka sami motar trotro? Kashegari mawaƙin ya ba da haƙuri, ya ce akwai matsalar tsaro da ta kayan aiki. Masu shirya wasan su kuma suka ce shi ne ya saɓa yarjejeniya, suka yi alkawarin mayar wa mutane kuɗinsu.

Ba aikinmu ba ne mu raba wannan gardama. Amma abin ya tsaya mana a rai, domin Ankara ba baƙuwar manyan makaɗa ba ce. Garin nan ya ga waɗanda sunansu ya cika duniya a zamaninsu, a lokacin da lasifika ba ta kai ta yau ƙarfi ba. Idan masu karatu suka jera waɗancan darare da na yanzu, za su ga abin da ke sa a riƙa tuna wasa bayan shekara 50, da abin da ke sa mutum ya koma gida yana cizon yatsa.

A watan Mayu 1956, ƙasar nan tana Gwalkwas, saura ƙasa da shekara guda a sami mulkin kai, Louis Armstrong ya sauka a filin jirgin saman Ankara tare da matarsa Lucille da makaɗansa. Baƙar fatan Amurka ne, mai busa ƙaho, kuma kamfanin talabijin na CBS ne ya kawo shi don a ɗauki fim. Makaɗan hailaif na gari, E.T. Mensah a gaba, suka tarye shi da busa tun daga bakin jirgi, shi ma ya zaro ƙahonsa ya amsa musu. Aka shirya wasan fili a tsohon filin folo, wato wurin da Kwame Nkrumah ya tsaya ya yi shelar 'yanci a 1957, inda kuma kabarinsa yake yanzu. Akwai waɗanda suka ƙiyasta taron ya kai mutum 100,000.

To, in da ma'aunin yau za a auna, wannan wasa bai yi kyau ba. Na baya ba sa gani, ba sa ji sosai, sai suka yi ta turowa gaba. 'Yan sanda suka sa kulki, ala tilas aka gajarta wasan. Amma Armstrong bai nannaɗe kayansa ya koma masauki yana fushi ba. A cikin kwana biyun da ya yi, ya je gidan rawar E.T. Mensah mai suna Paramount sun yi busa tare. Ya zauna ya kalli raye-rayen gargajiya, har ya hango wata mata a cikin masu rawa ya ce kamarta ɗaya da mahaifiyarsa. A wani wasan da aka yi cikin zaure, ya rera waƙar da ke kukan halin da baƙin mutum yake ciki saboda launin fatarsa, Nkrumah yana zaune a gaba, a lokacin yana firayim minista, aka ga idanunsa sun kawo ruwa. A 1960 kuma Armstrong ya sake dawowa.

Wasan da ya fi zama a bakin dattawanmu na Nima da Sabon Zango da Tudu shi ne na ranar 6 ga Maris 1971, bikin cika shekara 14 da samun 'yanci, zamanin gwamnatin Busia. Sunan wasan Soul to Soul, a dandalin Black Star da ke bakin teku. Jirgi guda aka ciko da makaɗa daga Amurka: Wilson Pickett, Ike da Tina Turner, Roberta Flack, iyalin Staple Singers, ƙungiyar Santana, Les McCann da Eddie Harris, da wata ƙungiyar yara da matasa daga unguwar Harlem ta Niyok. Aka yi kusan awa 14 ana abu guda, ba a tashi ba sai da rana ta fito.

Abin da akan manta shi ne, yawancin waɗannan sunaye baƙi ne ga mutanen Gana a lokacin. Wanda samari suka fi so su gani shi ne James Brown, wanda ya yi wasa a Legas a 1970, shi kuwa ba ya cikin tafiyar. Pickett ne kaɗai aka sani sosai, har ana yi masa laƙabi da na biyun James Brown. Saboda haka sauran sai da suka yi gumi kafin su sami taron, kuma ba kowa ne ya samu ba. Mai waƙa a hankali da fiyano yana da aiki ja a gaban dubban mutanen da suka zo rawa, ga iskar teku tana kwashe sauti.

Ƙungiyar Santana ce ta ba da mamaki. Ga jita mai amfani da lantarki, ga ganguna irin na Kuba waɗanda asalinsu daga wannan gaɓar tekun tamu aka kwashe su zamanin cinikin bayi. Matasan makaɗan Ankara, waɗanda suka daɗe suna kwaikwayon faya-fayan Turai da Amurka, suka tsaya suna kallon baƙi suna cin kasuwa da irin kiɗan da su suka raina a gida. A shekarun da suka biyo baya ƙungiyoyi da dama a ƙasar nan suka koma wa gangar gida suna haɗa ta da jita, kuma masu bin tarihin kiɗan Gana suna sa wannan dare cikin dalilai.

Mu dai abin da ya fi burge mu a fim ɗin da aka yi na wasan shi ne wani Bafarafare daga arewa, Amoah Azangeo. Ba shi da jita, ba shi da ƙaho, duma kawai ya riƙo. Ya hau dandamali tare da Les McCann da Eddie Harris, yana kaɗa dumansa yana jefa shi sama yana cafewa, kiɗa bai kuɓuce masa ba ko sau ɗaya. Manyan makaɗan da suka ƙetaro teku suka koma suna binsa. Irin mutumin da za ka iya gamuwa da shi a tashar mota ka wuce ba ka waiwaya ba ke nan. Ita kuwa Roberta Flack, da aka sake fito da fim ɗin a faifai a 2004, ta nemi a cire nata ɓangaren, aka kuma cire.

Me ya faru tsakanin wancan dare da daren jiran Wizkid? Ba lalaci ne ya sauko wa makaɗa rana ɗaya ba. Tattalin arziki ya durƙushe a ƙarshen shekarun 1970, makaɗa da yawa suka tsere Nijeriya da Jamus da Ingila neman abinci. Bayan juyin mulkin 31 ga Disamba 1981 aka kafa dokar hana fita da dare, ba a ɗage ta ba sai a 1984. Makaɗi kuwa da dare yake cin abinci. Gidajen rawa suka rufe, ƙungiyoyi suka wargaje. Bugu da ƙari, aka ɗora haraji mai nauyi a kan kayan kiɗa da ake shigowa da su, aka sa su cikin kayan alatu. Wanda bai fita ƙasar ba, sau da yawa coci ya nufa, don can ne ake da ganga da jita da fiyano.

Da aka buɗe dare, sai aka tarar 'yan sifina sun riga sun kama wuri: mutum biyu ko uku, da tulin lasifika, da kaset. Kuɗinsu bai kai na ƙungiya mai mutum 12 ba, ba kuma sai an dafa wa runduna abinci ba. Mu ma a Zango ba mu tsira ba, don a gidajen biki da suna da yawa akwatin sifina ya ture mai kalangu da mai goge zuwa gefen rumfa. Aka tashi yara masu ɗimbin yawa waɗanda ba su taɓa tsayawa kusa da ganga suka ji dukanta a ƙirjinsu ba.

Sai kiɗan hiplaif ya zo a tsakiyar shekarun 1990, Reggie Rockstone a sahun gaba. Ba mu da abin cewa game da shi sai alheri, domin shi ya fito da 'ya'yanmu. Ƙungiyar VIP daga Nima ta fito, ta sa Hausa a cikin waƙa aka ji ta a rediyon ƙasa baki ɗaya, ta kuma ci kambin gwarzon mawaƙin shekara na Gana a 2004 da 2011. Sai dai kiɗa ne da ake haɗawa a ɗakin ɗaukar murya da na'ura, kuma da aka fito da shi fili, mawaƙa da yawa suka ɗauki hanya mai sauƙi. A sa faifai da muryar mawaƙi a ciki, shi kuma ya riƙe makirfo yana tsalle, yana ihu a kan muryar tasa, rabin waƙar ma ya miƙa wa jama'a makirfo su yi masa. Ka biya sidi masu yawa, ka yi tsayuwar awa 6, a ƙarshe kai ne mawaƙin. Ranar da wuta ta ɗauke ko faifai ya sarƙe, nan ake gane wanda ya iya.

Mu da muka tashi da kaset ɗin Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos bai kamata a yi mana wannan wayo ba. Ɗan Maraya, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya yake riƙe taro. Shata, wanda ya rasu a 1999, an san shi da ƙirƙirar waƙa nan take, makaɗan kalangu da 'yan amshi suna biye da shi duk inda ya karkata. Ko ƙaramin makaɗin unguwa ya san ƙa'idar: ya dubi fuskar wanda ya shigo, ya tuno sunan kakansa da garin da suka fito, ya juya kiɗa dominsa, sannan a yi masa liƙi. Faifai ba ya ganin wanda ya shigo.

Ba wai an daina abin kirki ba ne. Ba a cika wata guda da daren Wizkid ba, ranar 6 ga Janairu 2023, Chance the Rapper da Vic Mensa, wanda mahaifinsa ɗan Gana ne, suka tara fiye da mutum 50,000 a dandalin Black Star ɗin nan, kyauta, tare da Erykah Badu da Sarkodie da wasu. Shi ma an kai asuba, amma waɗanda suka tsaya sun ga abin da suka zo gani.

Akwai kuma ɓacin ran da ya wuce na kuɗin tikiti. A ƙaramar Sallar watan Yuli 2016, a zauren taron jama'a na Asawase da ke Kumasi, matasa suka cika wuri don shagalin Salla. Aka yi turereniya wajen fita, mutum 9 suka rasu. Da kayan Sallarsu suka bar gida. Allah ya jiƙansu. Mutanen Nima kuwa ba sa bukatar a tuna musu abin da rufaffiyar ƙofa take yi, don a ranar 9 ga Mayu 2001, a filin wasan Ankara ɗin da aka kwana jiran Wizkid, an harba barkonon tsohuwa bayan wasan ƙwallon Hearts of Oak da Asante Kotoko, fiye da mutum 120 suka mutu a matakala, da yawansu 'yan unguwar ne.

Shi ya sa jinkirin awa 5 ko 6 ba abin dariya ba ne a wurinmu. Taron da aka bari a tsaye tun magariba, ba ruwan sha, ba bayani, ga gajiya ga fushi, abu kaɗan yake jira. Wasannin Salla na titi, irin wanda 'yan VIP suka saba shiryawa a Nima, suna da sauƙi ta wannan fuska tunda fili a buɗe yake. Haɗarin ya fi yawa a zaure da farfajiya mai katanga, inda mai shirya wasa yake kulle duk ƙofofi ya bar guda ɗaya don kada wani ya shiga bai biya ba.

Muna kira ga sarakunan Zango da shugabannin matasa da wakilanmu a majalisun gari, waɗanda akan je gaishe su kafin a kafa rumfa, da kada su tsaya ga karɓar goro da sa albarka. A tambayi mai shirya wasa mutum nawa wurin yake ɗauka, tikiti nawa ya buga. A sa ya rubuta lokacin farawa da na tashi a jikin takardar talla, da inda za a karɓi kuɗi idan mawaƙi bai zo ba. A ga janareto da ido. In an ce da makaɗa za a zo, a ga ganga a kan dandamali tun da rana. Kafin duk wannan kuma, wani dattijo ya taka ya zagaya wurin da ƙafarsa, ya ƙirga ƙofofin fita, ya san sunan wanda makullin kowacce yake hannunsa.