Ɗan na-gada ko ɗan na-koya: gardamar da ta sauya dokokin wasan Dungeons & Dragons

A watan Satumba na 2024 kamfanin Wizards of the Coast na Amurka ya fitar da sabon littafin dokokin Dungeons & Dragons, wasan da ya cika shekara 50 a waccan shekarar. Littafin ya zo da gyare-gyare masu yawa, amma wanda ya fi tayar da ƙura shi ne cire kalma guda, wato "race", wadda duk wanda ya yi karatun Faransanci ya sani. An maye gurbinta da kalmar da ke nufin nau'in halitta. Tare da ita aka cire wata tsohuwar doka da ke cewa ƙarfin jarumi da basirarsa daga jininsa suke fitowa.

Mai karatu a Matameye zai iya cewa ina ruwansa da wasan Turawa. To amma yawancin wasannin salula da yara ke bugawa, inda ake zaɓen jarumi, ya tara maki, ya hau mataki, daga wannan wasa suka gaji tsarinsu. Ita kuwa tambayar da aka shekara ana musu a kanta, tsohuwa ce a ƙasar Hausa: shin ɗan na-gada ya fi ɗan na-koya?

Yadda ake wasan

Mutum huɗu ko biyar ne ke zama, kamar zaman belot a fada, sai dai babu karta kuma ba a zuba kuɗi. Ɗaya daga cikinsu shi ne jagora: shi ke ba da labari, shi ne kuma alƙali. Sauran kowa ya ƙirƙiri jarumi ɗaya, ya rubuta sunansa da sana'arsa a takarda, ya riƙa magana da bakinsa. Wanda ya taɓa ganin wasan kara a Damagaram, inda talaka ke shigar gwamna ko shugaban ƙasa ya yini ana yi masa fadanci, ya riga ya fahimci rabin abin.

Sauran rabin lissafi ne. Kowane jarumi yana da maki a fannoni shida: ƙarfi, zafin nama, juriya, basira, hikima da kwarjini. Idan ɗan wasa ya ce jaruminsa zai tsallake rijiya, jagora sai ya sa shi jefa ƙwaya irin ta lido, amma mai fuska 20. A haɗa abin da ya fito da abin da makinsa ya ba shi. In ya kai adadin da jagora ya yanke, ya tsallake. In bai kai ba, ya faɗa.

Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da wasan a 1974, ta hannun wani ƙaramin kamfani mai suna TSR a garin Lake Geneva na jihar Wisconsin. Kwafi 1,000 aka fara bugawa.

Abin da aka rubuta a jini

Tun bugun farko, ɗan wasa yana zaɓen jinsin jaruminsa. Akwai ɗan Adam. Akwai wadanni, gajeru masu gemu da ke haƙar duwatsu suna ƙira. Akwai elf, siraran halittu masu dogon kunne da dogon rai. Akwai kuma hobbit, ƴan ƙananan mutane da aka aro daga littattafan marubucin Ingila J.R.R. Tolkien, har sai da masu haƙƙin mallakar sunan suka yi barazanar ƙara a 1977 aka koma kiransu halfling.

Dokar farko ba ta ɓoye fifiko ba. Wada mayaƙi ne kawai, kuma ba ya wuce mataki na 6 komai ƙoƙarinsa. Hobbit a mataki na 4 yake tsayawa. Ɗan Adam kaɗai aka bar wa hanya a buɗe. Littafin 1978 ya ƙara da cewa jaruma mace ba ta kai namiji iyakar ƙarfi, dokar da aka yar a bugun 1989.

Wannan ya yi kama da yadda aka ɗauki sana'o'in gado a nan. Ana cewa wuta ba ta cin ɗan maƙeri, ruwa ba ya cin ɗan sarkin ruwa, kuma wanda ya shiga sana'a ba gadonsa ba, haye ne. Muddin zancen ya tsaya kan baiwa, ba mai fushi. Rigima tana farawa ne ranar da aka juya shi aka ce jinin wane ba ya ilimi, ko gidan su wane ba a aure.

Haka ya faru da wasan. Bugun shekarar 2000 ya cire iyakar matakai, amma ya rubuta cewa ruwa-biyun ork da ɗan Adam yana samun ƙarin maki 2 a ƙarfi, a rage masa 2 a basira da 2 a kwarjini. Ork su ne dodannin labarin, waɗanda aka riƙa zanawa a matsayin ƙabilun daji masu kai hari, marasa wayewa, mugaye tun daga haihuwa. Ko a 2016 wani littafin kamfanin ya sake rage wa ork maki 2 a basira. Su kuma drow, wani reshen elf mai baƙar fata da ke zaune ƙarƙashin ƙasa, an rubuta su a matsayin azzalumai, alhali ƴan uwansu farare su ne na kirki.

A lissafi abin bai taka kara ya karya ba. Maki 2 lamba ɗaya tak suke ƙarawa ko ragewa a jifa, wato kashi 5 cikin 100. Abin da ya dami ƴan wasa da dama, musamman baƙaƙen fata, shi ne lafazin. Sun ce irin kalmomin da aka siffanta ork da su, su ne ƴan mulkin mallaka suka siffanta mutanen Afirka da su. Wasu kuma suka ce ai ork halittar tatsuniya ce, kuma wanda ya dubi dodo ya ga baƙin mutum, shi ke da matsala.

Daga gado zuwa tashi

A watan Yuni na 2020, makonni kaɗan bayan kisan George Floyd a Minneapolis, kamfanin ya fitar da sanarwa yana amincewa cewa yadda aka siffanta ork da drow ya yi kama da yadda aka wulaƙanta wasu al'ummomin duniya. A Nuwamba na wannan shekara ya ba ɗan wasa damar ɗora makin jinsinsa a fannin da ya ga dama. Duk da haka ya sake tuntuɓe a 2022, lokacin da wani sabon littafi ya kawo wasu halittu masu kama da birai, da labarin wani boka da ya ba su hankali don ya sayar da su bayi. Kamfanin ya nemi gafara ya cire labarin. A Disamba na 2022 ya sanar da barin kalmar "race". Kamfanin Paizo, mai wasan Pathfinder, ya riga shi tun 2019 da kalmar da ke nufin asali.

A littafin 2024 akwai nau'o'in halitta 10, kuma ork yana cikinsu a matsayin jarumi kamar kowa. Ƙarin maki yanzu daga tashin jarumi yake fitowa, wato abin da ya yi kafin ya shiga yawon duniya. An jera iri 16, ciki har da manomi, ɗan kasuwa, soja, mai sana'ar hannu da marubuci. Ork da ya tashi cikin littattafai zai iya fin elf manomi basira. Abubuwan jiki kuwa an bar su a gado: wada yana gani a duhu, halfling kuma in ƙwayarsa ta nuna 1 yana da damar sake jifa.

Ba kowa ya gamsu ba, kuma wasu ƙorafe-ƙorafen suna da nauyi. Akwai masu cewa in ɗan ƙaramin halfling zai iya kai ƙaton goliath ƙarfi, to zaɓen jinsi ya zama zaɓen riga. Wanda ya fi sosa rai shi ne cire ruwa-biyu daga jerin. Ƴan wasan da iyayensu suka fito daga al'ummomi biyu sun ce a waɗannan jarumai suke ganin kansu, sai ga shi gyaran da aka yi don mutunta mutane ya share su. A gari irin Matameye, inda ba wuya a samu mai uba Bahaushe da uwa Bafillatana ko Babarbariya, wannan ƙorafi ba ya buƙatar tafinta. Littafin dai ya bar ƙofa ga mai son ɗauko su daga tsofaffin bugu.

Wa ke yanke hukunci?

Dokokin jinsi suna cikin waɗanda suka fi jawo musu a wurin wasa, domin kowace baiwa togaciya ce ga dokar kowa. Ƙa'idar littafin ita ce doka ta musamman tana rinjayar ta gama-gari. Misali, dokar kowa ta ce sai jarumi ya huta awa 8 kafin ƙarfinsa ya dawo. Amma elf ba ya barci, zurfin tunani na awa 4 yake yi. To ya gama hutunsa a awa 4, ko sai ya jira sauran? Kamfanin yana da shafin amsa irin waɗannan tambayoyi, mai suna Sage Advice, wanda ya faro a mujallar Dragon tun 1979. Da farko ya ce sai ya jira. Daga baya aka gyara lafazin dokar, amsa ta juya. Littafin 2024 ya rubuta awa 4 ƙarara don a huta da gardama.

Ko da hakan, maganar ƙarshe ta jagora ce, kuma littafin da kansa ya ba shi wannan iko. Ƙwararrun jagorori sukan yi zama na musamman kafin a fara, a amince kan jinsunan da za a shigar da irin barkwancin da ba a yarda da shi ba. Nijar tana da tsohon misalin wannan a wasan taubasantaka, wanda UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2014. Bafillace yana tsokanar Babarbare, Bagobiri yana tsokanar Bakatsine, kuma ba a fushi domin kowa yana da damar ramawa, kowa kuma ya san iyaka. Raunin tsohon littafin shi ne ork bai taɓa samun damar ramawa ba, sai dai a kashe shi a kwashe dukiyarsa.

Tun Janairu na 2023 kamfanin ya saki ginshiƙin dokokin a ƙarƙashin lasisin Creative Commons, akwai kuma fassararsu ta Faransanci kyauta a intanet. Doka ta ba kowa damar juya su zuwa Hausa, ya sa maharba da maƙera da ƴan tauri a madadin wadanni, in dai ya ambaci inda ya samo. Mai wannan aiki zai ci karo da matsalar tun a shafin farko, domin sai ya zaɓa tsakanin jinsi, ƙabila, iri da asali, kuma a bakin Bahaushe "ba shi da asali" zagi ne.