Raunin Kai a Aikin Bututun Gas

A karkarar arewacin Kano, wajen Dambatta da Bichi da Makoɗa, inda gonakin gado suka tsuke saboda yawan jama'a, matashi kan fita ci-rani da zarar an kai amfanin gona gida, kuma leburanci a manyan kwangiloli yana cikin abin da yake nema. Ɗaya daga cikin irin waɗannan kwangiloli shi ne bututun iskar gas na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin shimfiɗa shi a watan Yunin 2020. Faɗin bututun inci 40 ne, kowane yanki yana da nauyin tan da yawa, sai injin ɗaga kaya ke iya saukar da shi cikin rami, don haka idan sarƙa ta tsinke ko ƙugiya ta yi lilo, kan wanda ke tsaye a ƙasa ne ke cikin haɗari.

Hular kwano tana rage ƙarfin bugu domin tsakanin ɓawonta da kai akwai madauri da ke barin tazara, amma ba ta jure faɗowar bututu, kuma wadda ta taɓa shan bugu mai ƙarfi ta gama aiki ko da ba ta tsage ba. Abin da ya fi tsoratar da likitoci shi ne jinin da ke taruwa tsakanin ƙoƙon kai da tantanin da ya rufe ƙwaƙwalwa, domin mutum kan suma, ya farfaɗo, ya yi magana garau, har a ce Allah ya kiyaye, alhali jinin yana danne ƙwaƙwalwa. Bayan 'yan sa'o'i sai ciwon kai mai tsanani da amai da yawan barci ko farfaɗiya su biyo baya, kuma a ƙauye ba wuya a ɗora wa iskokai, a nufi mai ruƙiyya, maimakon a garzaya Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda ake ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa a kuma yi tiyata.

Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa masu ɗaukar aiki su zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da suke biya a asusun hukumar NSITF, sai dai leburan da ƙaramin ɗan kwangila ya ɗauka da baki, yana sallamarsa kullum da yamma, da wuya ya sami takardar da zai nemi haƙƙinsa da ita.