Haja Ɗaya, Farashi Biyu: Cinikin Manhajar Sarrafa Kwamfuta Daga Nesa

Akwai wata irin manhaja wadda ke ba mutum damar ya zauna a ɗakinsa ya sarrafa kwamfutar da ke wani gari, tamkar tana gabansa. Ɗaya daga cikin fitattunsu ita ce TeamViewer, wadda aka ƙago a Jamus cikin 2005. Wanda zai yi amfani da ita don sha'anin kansa, alal misali ɗalibin da ke gyara wa mahaifinsa kwamfuta daga makaranta, kyauta ake ba shi. Amma kamfani ko ma'aikata lalle ne su biya kuɗin lasisi.

Dalili kuwa shi ne, wahalar rubuta manhaja tun farko take, kuma ƙarin mutum guda bai ƙara wa masu ita wata ɗawainiya mai yawa ba. Saboda haka abin da mai saye zai iya biya shi suke dubawa. Masanin tattalin arzikin nan na Ingila, A. C. Pigou, ya yi bayanin irin wannan bambancin farashi tun 1920. Kafin shi ma, cikin 1849, wani injiniyan Faransa, Jules Dupuit, ya lura cewa kamfanonin jirgin ƙasa kan bar taragun talakawa babu rufi da gangan, domin kada mai hali ya yi sha'awar shiga can. Haka nan ake rage wa manhajar kyauta wasu abubuwa, watau ana tsare kuɗin da ke zuwa daga kamfanoni ne.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen rarrabe wane ne wane. Ma'aikacin gwamnati wanda ya leƙa kwamfutar ofis daga gida da dare, ko da takarda ɗaya zai ɗauko, ya fita daga sahun masu kyauta bisa ƙa'idar lasisin. Manhajar kan lura da yadda ake aiki da ita, in ta yi zaton sana'a ake yi sai ta riƙa yanke haɗin bayan 'yan mintoci, wani lokaci ma a kan wanda bai ji ba bai gani ba.

Har ila yau, mai ba da kyautar yana iya janye ta. Cikin Janairu 2014 kamfanin LogMeIn na Amurka ya soke tsarinsa na kyauta, ya ba mutane wa'adin kwana 7 kacal, ko su biya ko su nemi wata.