Tseren bulaguro a telebijin

Akwai wani irin wasa da ake nunawa a telebijin. Ana tara mutane biyu-biyu, a kai su ƙasa mai nisa, a sa su tsere. Masu ɗaukar hoto suna biye da su tun safe har dare. Waɗanda suka iso zango a ƙarshe, sai a sallame su.

Wasan ya sake kama sau da yawa. Daga 1976 zuwa 1984, telebijin ta Faransa ta nuna "La Course autour du monde". Kowane matashi yana yawon duniya shi kaɗai da ƙaramar kamara, yana aiko da ɗan gajeren fim, alƙalai suna ba shi maki. A 2001 Amurka ta fito da "The Amazing Race", inda masu nasara ke samun dalar Amurka miliyan ɗaya. A da matafiyi ne ke ɗaukar hoton duniya. Yanzu shi ake ɗauka, da gajiyarsa da fushinsa.

A 2006 tashar M6 ta Faransa ta fara "Pékin Express". Tseren farko ya ratsa Rasha da Mongoliya har Pekin, babban birnin Sin, wajen kilomita 10.000. Guzurin kowane ɗan tsere yuro ɗaya ne a yini, wato dala 131 na kuɗin sefa. Wannan bai isa kuɗin mota ko na masauki ba. Tilas ya tsaya bakin hanya ya roƙi a rage masa tafiya. Da dare kuma ya nemi gidan da za a ba shi abinci da wurin kwana.

Ke nan alherin masu gida ne ke ɗauke da wasan. Sau da yawa talakawa ne. Suna ciyar da baƙon da ya fi su arziki, alhali tasha tana samun kuɗin talla, ɗan tsere yana neman lada. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Amma wannan baƙo in ya tafi, da hoton gidan yake tafiya. Ya kamata a nemi yardar mai gida, a gaya masa inda za a nuna hoton.

Akwai kuma zancen gaskiya. Ana ɗaukar hoto na kwanaki, a yanke, a harhaɗa, mai kallo ya ga kaɗan. A 2008 jaridar "Le Canard enchaîné" ta zargi masu shirin da biyan wasu direbobi a ɓoye. Tashar ta musanta. Mai kallo dai ya tuna: abin da ya gani, wani ne ya zaɓa masa.

Tambayoyi
1. Yuro ɗaya dala nawa ne?
2. Wa ke ciyar da ƴan tsere?
3. In suka sauka gidanku, me za ku tambaye su?