Maƙeran Patan: Masu Zuba Siffar Buddha

A birnin Patan, wanda ake kira Lalitpur, cikin kwarin Kathmandu na ƙasar Nepal, akwai iyalan Shakya na ƙabilar Newar waɗanda suka gaji zubin mutum-mutumin Buddha kaka da kakanni. Sunan maƙeran kwarin ya yi nisa tun ƙarni na 13, lokacin da wani matashi mai suna Arniko ya tafi Tibet, daga nan ya wuce fadar Sarki Kublai Khan, ya gina farar hasumiyar ibada da ke Beijin har yau.

Da kakin zuma ake fara aikin. Ana haɗa shi da ƙaro, maƙeri ya siffanta fuska da yatsu da ninkin tufafi. Sai a yaɓe shi da yumɓu mai laushi da aka kwaɓa da kashin shanu, a bi da mai kauri wanda aka zuba wa ƙaiƙayin shinkafa, kowane yaɓi sai ya bushe kafin a ƙara wani. Idan aka gasa, kakin ya narke ya tsiyaye, a zuba narkakken jan ƙarfe a gurbinsa. Bayan ya huce, dole a fasa yumɓun kafin a ga abin da ya fito. Irin wannan dabara maƙeran Ife da Benin suka yi amfani da ita. Daga nan masu gogewa da zane su karɓa, sannan mai shafa zinariya, wanda ke haɗa ta da zaiba ya kara a wuta, aikin da hayaƙinsa ke cutar da lafiya ƙwarai.

Maƙeri ba ya yin yadda ya ga dama. Tsoffin littattafai sun ƙayyade awon kowace gaɓa da faɗin yatsa, kuma kowace alama da ma'anarta ga mabiya addinin Buddha. Tudun da ke tsakiyar kai yana nuna cikar hikima. Dogayen kunnuwa suna tuna manyan 'yan kunnen da Siddhartha, wato Buddha, ya cire sa'ad da ya bar gidan sarauta. Hannun dama da ke taɓa ƙasa yana nuna lokacin da ya kira ƙasa ta yi masa shaida. Furen da yake zaune a kai, mai kama da bado, yana tsirowa cikin taɓo amma ya fito tas, alamar tsarkin zuciya.

A al'adar Tibet, ana cika cikin mutum-mutumin da naɗaɗɗun rubuce-rubucen addu'a a rufe gindinsa, kafin limaman addinin su keɓe shi domin ibada.

Yau kayan inji masu arha sun cika kasuwa, ga kuma koyon wannan sana'a yana cin shekaru a gaban uba ko maigida. Kowane gidan da ya rasa magaji, ilimin awo da haɗin kaki na ƙarnoni ne ke tafiya. Shi ya sa maƙeran Patan suka cancanci a san darajar aikin hannunsu, a kuma biya su haƙƙinsa.