Gyaran Tsohon Injin Caca Mai Cin Ƙwandala

Injin caca mai cin ƙwandala, wato wanda ake jefa wa kuɗin ƙarfe a ja hannunsa sai ganguna uku masu ɗauke da hotuna su shiga juyi, ya samo asali ne a birnin San Faransisko na Amurka a ƙarshen shekarun 1890, a hannun wani makaniki haifaffen Jamus mai suna Charles Fey. Injinsa da ya yi suna shi ne Liberty Bell, wanda kan zubo ƙwandala goma ta santi biyar-biyar idan hoton ƙararrawa ya jeru a gangunan uku. Daga 1907 kamfanin Mills na birnin Shikago ya shiga ƙera irinsa da yawa, kuma da aka kai hotunan kowace ganga ashirin, sai hanyoyin da za su iya jeruwa suka kai 8,000. Kafin kamfanin Bally ya fito da Money Honey mai haɗa lantarki da ƙarfe a farkon shekarun 1960, ƙarfin da ke tafiyar da yawancin injunan daga damtsen mai wasa yake fitowa.

Caca haramun ce a Musulunci, kuma a garuruwa irin su Sarkin Hausa da Mayahi da Tasawa ba abin da ake tinƙaho da shi ba ne. Sai dai yawancin waɗannan tsofaffin injuna sun daɗe da barin gidajen caca sun koma hannun masu adana kayan tarihi, kuma cutar da ke kwantar da su ita ce wadda mai gyaran keken ɗinki ko agogo yake fama da ita kowace ranar kasuwa.

Idan ƙwandala ta shiga, takan bi ta wata hanya da ke auna faɗinta da kaurinta, ta wuce gaban maganaɗisu mai tare jabun da aka yi da baƙin ƙarfe, sannan ta tura wani ɗan harshe da ke kwance makullin hannu. Jan hannun yana miƙar da babban sifirin, wato wayar ƙarfe mai naɗi da ke ajiye ƙarfi ta mayar da shi, yana kuma ɗana wani ƙarfe wanda zai shuri gangunan su juya. Bayan haka birki uku ne ke faɗawa ɗaya bayan ɗaya cikin haƙoran faifan da ke manne da kowace ganga. A gefe akwai wasu faifan masu huji, da siraran ƙarafa da ake kira yatsu: idan hujin faifan suka yi daidai, yatsa ya zurma ciki ya saki farantan biya, waɗanda ke zamewa ƙarƙashin bututun da kuɗi ke jibge a ciki su ɗebo adadin da kaurinsu ya ɗauka.

Wanda ke tsara lokacin duk wannan shi ne sashen da masu sana'ar ke kira agogo, ko da yake ba ya nuna sa'a. Ƴan ƙafafu ne masu haƙora, a ƙarshensu akwai ƙaramar fanka da iska ke rage wa gudu, kuma ita ce ke hana birkunan faɗawa gaba ɗaya. A nan mafi yawan lalacewa take. Man da aka zuba shekaru hamsin ko sittin da suka wuce yakan bushe ya koma kamar ƙaro, ya haɗu da ƙura ya daskare tsakanin haƙora, sai fanka ta riƙa jan jiki, ganguna su gama juyinsu su tsaya da kansu kafin birki ya iso, ko kuma injin ya maƙale a tsakiyar aiki hannu ya ƙi sake jawuwa. Wanda bai ƙware ba abu biyu yake yi, kuma duka biyun ɓarna ne: ko ya ƙara bulbula mai a kan tsohon datti, ko ya danne hannu da ƙarfin tsiya har wani harshe ya lanƙwashe. Gwani yakan kwance agogon ya jiƙa shi cikin kananzir, ya bi haƙori ɗaya-ɗaya da tsohon buroshin baki har ƙarfen ya fito fes, ya bar shi ya bushe, sannan ya ɗiga siririn mai irin na keken ɗinki da bakin allura a kan sandunan da ƙafafun ke juyawa kawai. Gwajinsa ba wuya: idan aka hura fankar da baki ta amsa, agogo ya warke. A ƙasa mai rairayi irin ta Gulbin Kaba, inda iskar hunturu ke cusa ƙura har cikin akwatin da aka rufe, wannan doka ta ƙarancin mai ta fi tsanani, domin mai da ƙura idan suka gauraya sukan zama kamar magagari, su yi ta cin ƙarfe a hankali.

Hanyar ƙwandala da farantan biya kuwa ba a sa musu mai ko ɗigo, wanke su ake yi a bar su a bushe, domin maiƙo kan sa kuɗi su manne da juna, injin ya biya ƙasa da abin da ya kamata ko ya ƙi biya sam. Ƙwandala lanƙwasasshiya ko wadda ta suɗe ita ma takan toshe hanya, kuma da tsinke ake zaƙulo ta a hankali, tun da sukundireba kan karce bangon hanyar ya bar kaushin da zai riƙa tare na baya. Kowane inji an ƙera shi ne a kan ƙwandala iri ɗaya. Ta santi biyar ta Amurka nauyinta giram 5 ne, faɗinta kuma ya ɗan haura milimita 21, don haka wanda ya jefa dala ashirin ta sefa, wato faranka 100, bai kamata ya zargi injin ba idan ya tofar da ita ko ya shaƙe. Mayar da shi ya karɓi wani kuɗi yana nufin sauya hanya da bututu da farantai baki ɗaya, abin da masu adana tarihi ke ƙi saboda yana rage wa injin daraja.

Sauran lalacewar ba ta da wuyar ganewa. Sifirin da ya gaji akan sauya shi da mai tsawo da kauri irin nasa, ɗan famfon iska da ke sassauta komawar hannu kuma idan ya daina riƙe iska sai hannun ya riƙa dukan inji da ƙara. Da yake kamfanonin asali sun daina ƙera kayan, abin da ya karye akan ciro shi daga mataccen inji ko a kwaikwayi tsohon da hannu, aikin da ba zai gagari maƙeri mai haƙuri ba. Makanikan yau sukan ɗauki hoton kowane mataki da wayar salula kafin su kwance noti, saboda sifirin ɗin injin suna da yawa kuma suna kama da juna.

Wani lokaci mai gyara yakan tarar da abin da lalacewa ba ta kawo ba. Wasu masu gidajen caca na wancan zamani sukan ɗaura ɗan guntun ƙarfe a tsakanin haƙoran faifan birki, daidai gurbin hoton da ke biyan babban kuɗi, ta yadda birki ba zai taɓa zama a wurin ba, ganga ta zarce zuwa hoto na gaba. Ana gano shi ne idan aka fitar da injin daga akwatinsa aka juya kowace ganga da hannu, ana ƙirga gurabun da birki ke faɗawa: inda ya kamata a sami ashirin sai a sami goma sha tara.