Yadda Itacen Wuta Ke Yi wa Ƙwaro Dako

A shekarar 2002 ne masana suka gano abin da ke kashe itatuwan ash a unguwannin da ke kewaye da birnin Detroit, a jihar Michigan ta Amurka. Wani ɗan ƙwaro ne siriri, kore shar mai ƙyalli, tsawonsa santimita ɗaya da 'yan kai. A shekarar kuma aka same shi a Windsor ta Kanada, wadda kogi kawai ya raba ta da Detroit. Masana na kiran sa Agrilus planipennis. Asalinsa gabashin Asiya ne, wato Sin da Koriya da Japan da gabashin Rasha, inda ba a ɗauke shi wata annoba ba, domin itatuwan ash na can sun daɗe da shi, sun san yadda za su kare kansu, kuma akwai wasu ƙwarin da ke cin ƙwansa da tsutsarsa. Abin da aka fi zato shi ne ya ƙetaro teku a cikin katakon da ake tallafe kaya da shi a jiragen ruwa. Da aka duba gungumen itatuwan da suka fara mutuwa, sai aka ga ya yi kusan shekara goma yana ɓarna kafin kowa ya san da zamansa.

Daga wancan lokaci zuwa yau ya shiga jihohin Amurka fiye da 30 da larduna da dama na Kanada, ya kashe itatuwa ɗaruruwan miliyoyi. Ash kuwa itace ne da mutanen ƙasashen suke ji da shi. Shi suka jera a bakin tituna don inuwa, da shi ake yin ƙotar gatari da shebur da sandar wasan ƙwallon baseball, kuma da wani irinsa ne 'yan asalin ƙasar suke saƙa kwanduna tun kaka da kakanni. A 2017 hukumar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa nau'o'in ash biyar na Arewacin Amurka cikin jerin masu dab da ƙarewa.

Babban ƙwaron mai fiffike ɗan gefen ganye kawai yake ɓantara, ya yi makonni kaɗan ya mutu. Kisan aikin tsutsarsa ne. Daga watan Yuni zuwa Agusta macen kan bi tsagar ɓawo tana ajiye ƙwai ɗaya-ɗaya, gomomi a tsawon rayuwarta. Bayan kamar mako biyu ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta huda ɓawo ta shige, ta tsaya a wani siririn wuri mai danshi da ke tsakanin ɓawo da katako. Nan ran itace yake. Ta nan abincin da ganye ya haɗa ke sauka zuwa saiwa, kuma dab da wurin, a fatar katakon, ruwa ke hawa daga saiwa zuwa ganye. Tsutsar na ci tana lanƙwasa, tana barin hanya cike da garin itace a bayanta. In hanya ɗaya ce ko biyu, itacen zai warkar da ita. In suka kai ɗaruruwa, suka sarƙe suka zagaye jikinsa, an yanke shi ke nan. Duk wanda ya taɓa ganin maɗacin da masu neman sassaƙe suka kwashe wa ɓawo a zagaye har ya bushe a tsaye, ya san irin wannan mutuwa. Bambancin dai, wannan daga ciki ake yin ta, ɓawon na nan lafiya lau a ido.

Alamu kan makara. Ganyen sama ya fara ƙaranci, sababbin tofo su ɓullo a gindi, maƙwaƙƙwafi ya addabi itacen yana ɓare ɓawo yana neman tsutsa, sannan a ga ƙananan ƙofofi masu siffar harafin D, faɗin milimita uku zuwa huɗu, inda manyan ƙwarin suka fita. Kafin a lura da waɗannan, an yi shekaru ana cin sa, kuma galibi shekara biyu zuwa huɗu sun isa su gama da shi.

In an bar ƙwaron da fiffikensa, tafiyarsa gajera ce. Muddin akwai ash a kusa, yawancinsu ba sa nisa da itacen da suka fito. Amma taswirar yaɗuwarsa cike take da tsalle. A 2003 ya ɓulla a jihar Maryland, kuma an gano cewa dashe ne aka kai daga Michigan. A 2008, inda aka fara ganin sa a jihar Missouri wani sansanin shaƙatawa ne a bakin tafkin Wappapello. A 2013 sai ga shi a Boulder ta jihar Colorado, ɗaruruwan kilomitoci daga duk inda aka san yana nan. Mota ce ke wannan aikin, kuma kayan da take ɗauka iri uku ne: dashe, gungumen katako, da itacen wuta. Biyun farko suna da sauƙin kamawa, domin mai gidan rainon dashe da mai injin tsaga katako suna da adireshi da lasisi, ana iya zuwa a duba su. Mai faskare a bayan motarsa kuwa, kowa ne.

Sai an san wata al'adar mutanen can kafin a gane girman abin. Da sanyi suna hura itace a gida don jin ɗumi, da zafi kuma suna fita daji hutu, su kafa tanti a bakin tafki su hura wuta da dare. Itace a sansani da tsada, a gida kuwa ga shi a jibge, sai mutum ya loda 'yan dammuna ya yi tafiyar awa biyar ko shida. Wane itace ne a jibge a gida? Wanda ya bushe a tsakar gida aka sare. Ba mai sare itacen inuwarsa mai lafiya don wuta, saboda haka itacen da ƙwaro ya kashe shi ne ya fi kowane saurin zama faskare. Kuma faskare yana tafiya da ɓawonsa, ɗanye, ba a fere shi ba, ba a gasa shi ba, ga shi ana sauke shi a gindin wasu itatuwan masu rai. Ƙarin rashin sa'a, hutun da ke buɗe lokacin fita daji a Amurka yana faɗowa ne a ƙarshen watan Mayu, daidai lokacin da manyan ƙwarin ke fara huda ɓawo suna fita.

Jihar Michigan kashi biyu ce, gadar Mackinac ce ta haɗa su, kuma a shekarun farko na annobar an hana haurawa da itacen wuta zuwa ɓangaren arewa, aka sa wurin da matafiya ke ajiye abin da suka ɗauko. Masu bincike na hukumar gandun dajin Amurka suka ɗebi guda 1,045 daga cikin wannan itace suka farfasa. Kashi 23 cikin ɗari na ɗauke da ƙwari masu huda itace da ransu, iri daban-daban, wasu kashi 41 kuma na da sawun an taɓa cin su. Masu itacen ba mugaye ba ne. Da za a tambaye su, da yawa za su rantse itacensu tsaf yake, kuma a ido gaskiya suka faɗa.

Wuta na kashe ƙwaron a kowane mataki, ƙwai ne, tsutsa ce, ko babba. Ba a taɓa jayayya a kan wannan ba. Abin da ke yanke hukunci shi ne inda aka ƙone itacen da kuma lokacin da aka ƙone shi. Idan sanyi ya gabato, tsutsar da ta ƙoshi kan haƙa ɗan ɗaki a fatar katako ko cikin ɓawo mai kauri, ta naɗe ta kwanta. Sanyin hunturun can bai cika kashe ta ba sai ya kai wajen digiri 30 ƙasa da sifiri. Sare itacen bai dame ta ba, faskara shi ma haka. Ta riga ta gama cin abin da za ta ci, ɗumin Afrilu da Mayu kawai take jira ta rikiɗe. Don haka mai itacen da ya kamu, in ya sare shi da sanyi ya ƙone shi ƙurmus a gidansa kafin watan Mayu, ya rage wa unguwarsa ƙwari. In ya bar rabin tarin ya shiga Yuni, duk wahalar saran ta tashi a banza, ƙwarin za su fita daga tarin kamar yadda za su fita daga itacen da ke tsaye. In kuwa ya ɗauki ragowar ya kai wa ɗan'uwansa a wata jiha, gara ma da bai sare ba. Shi ya sa ake gaya wa wanda ya riga ya kai itace sansani bisa rashin sani cewa ya ƙone shi duka kafin ya tashi. Barin guda uku ko huɗu don wanda zai zo a baya, abin da mutum zai ɗauka kirki ne, shi ne ainihin hanyar da ƙwaron ke sauka a sabon daji.

Shanya itace na rage tsutsa, musamman in an faskara shi, amma ba ya ƙarar da ita. An gwada an ga ƙwarin na fita daga gungume har a shekara ta biyu bayan sara, domin wasu tsutsotsin shekara biyu suke yi kafin su girma. Daga nan shawarar ta fito cewa itacen ash ya yi shekara biyu cur a inda aka sare shi kafin a yi tunanin matsar da shi.

Mai sayar da itace ba zai iya wannan jira ba, sai ya koma ga tanderu. Ana tura itacen cikin ɗaki mai zafi, a huda mafi kaurin cikinsu a sa ma'auni har tsakiya, domin zafin iskar ɗakin ba shi ake ƙirgawa ba, zafin cikin itacen ake nema. Ƙa'idar da ma'aikatar noma ta Amurka ta tsayar don wannan ƙwaro ita ce digiri 60 na Salshiyas har tsawon minti 60. Katakon tallafe kaya na cinikin ƙasa da ƙasa digiri 56 na minti 30 ake nema masa, amma gwaje-gwaje sun nuna wasu tsutsotsin wannan ƙwaro kan tsira daga hakan a cikin faskare. Jihar New York ta fi tsanantawa: digiri 71 na minti 75. Damin da ya cika sharaɗi ana buga masa hatimin hukuma, kuma hatimin ake dubawa, domin kowa na iya rubuta “busasshe” a jikin leda. Akwai kuma fere ɓawo tare da kimanin santimita ɗaya da kwata na katakon da ke ƙarƙashinsa, ko niƙa itacen a inji zuwa gutsattsarin da ba su wuce santimita biyu da rabi ba. Birane sun fi bin niƙa, tunda ba a cinna wa dubban itatuwa wuta a tsakiyar gari.

Fere ɓawo na aiki ne saboda wannan tsutsa ba ta nitso. Wani baƙon ƙwaron daga Asiya, baƙi mai ɗigo-ɗigon fari da dogayen ƙahoni, wanda aka fara gani a Brooklyn a 1996, tsutsarsa har zuciyar itace take shiga, sai dai niƙa ko tanderu ko wuta. A yankin Worcester na jihar Massachusetts, inda aka gano shi a 2008, an sare itatuwa fiye da 30,000 saboda shi. A Afirka ta Kudu ma, tun da aka gano wani ɗan mitsitsin ƙwaro mai kai wa itatuwa cutar funfuna a Pietermaritzburg a 2017, gargaɗin da hukumomi ke ta yi shi ne kada a ɗauki itacen gasa nama daga wani gari zuwa wani.

Dokoki sun bambanta daga jiha zuwa jiha. New York ta hana kai itacen da ba a gasa ba nisan da ya wuce mil 50, wato kilomita 80, daga inda aka sare shi. Gangamin wayar da kai da ƙungiyar The Nature Conservancy ke jagoranta tun 2008 saƙonsa gajere ne: a sayi itace a inda za a ƙone shi, in da hali kada nisan ya wuce kilomita 16. Gwamnatin tarayya kuwa, bayan shekaru tana killace yankunan da suka kamu, ta janye dokarta a watan Janairun 2021, ta mayar da kuɗin ga kiwon wasu ƙananan zanzaro da aka kawo daga Asiya, waɗanda ke zuba ƙwansu a jikin ƙwai da tsutsar ƙwaron. Tun 2007 ake sakin su a dazuzzuka.

Wasu sun ɗauki janyewar a matsayin shaidar cewa hana ɗaukar itace bai tsinana komai ba. A ganina sun auna dokar da abin da ba ta yi alkawari ba. Ƙwaron da ya riga ya yi shekara goma a ɓoye, kuma yana da fiffike, ba shingen da zai tsayar da shi. Abin da dokar ke saya shi ne shekaru, shekarun kuma kuɗi ne. Mataccen ash na saurin yin gautsi, rassansa su riƙa faɗowa kan motoci da wayoyin lantarki, dole a sare shi, kuma garin da zai sare itatuwan titunansa cikin shekara goma sha biyar yana dasa wasu iri a madadinsu bai yi daidai da wanda za su mutu masa cikin shekara huɗu ba. A cikin waɗannan shekaru ne aka samo allurar da ake yi wa itace a gindi ta kare shi shekara biyu zuwa uku, zanzaron suka fara kafuwa, aka kuma fara tattara 'yan tsirarun itatuwan da suka tsira a dazuzzukan da suka mutu don a ga ko za a samu iri mai juriya.

Jihar Oregon, can gabar yamma, ta samu shekara ashirin. Kafin ƙwaron ya iso, ma'aikatan gandun dajinta sun riga sun fara tara irin ash ɗin jihar daga wurare daban-daban suna adanawa. A watan Yunin 2022 aka gan shi a garin Forest Grove, kuma kafin shekarar ta fita hukumar noma ta jihar ta taƙaita fitar da itacen ash daga gundumar da garin yake ciki.